Canjin kurwar inji: abin da ya kamata mai mota ya gani kafin a murɗa makulli

A garajojin unguwar Zariya da sauran sassan birnin Maraɗi, canjin kurwar distiribisiyo aiki ne na yau da kullum. Sai dai akwai motocin da ke shiga garaji lafiya lau, a sa musu sabuwar kurwa, su fito suna tari da shan mai, wasu ma su kasa fitowa sai an buɗe kan inji. Galibi kurwar ba ta da laifi. Alamomin saiti ne ba a sake dubawa ba kafin a tada motar.

Sunan abin ma biyu ne a garin nan. Waɗanda suka koyi aiki da kalmomin Faransanci suna ce mata kurwa, waɗanda suka yi zaman Katsina ko Kano suna cewa taimin bel, kuma tun da kayan gyara da yawa ta Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa, ba abin mamaki ba ne a ji bakanike ɗaya ya haɗa duka biyun cikin zance guda. Sunan farko ya faɗo kunnen Bahaushe daidai, domin inji ma idan kurwarsa ta fita, shi ke nan.

Kada a rikita ta da kurwar waje, wadda ake gani da zarar an ɗaga kapo, mai juya altanato, mai yin ƙara da sanyin safiya. Waccan idan ta tsinke, fitilar batir ce za ta kama, direba ya samu wuri ya tsaya. Wadda ake magana a kai tana ɓoye bayan murfi a gefen inji, roba ce mai haƙora a cikinta, kuma sau da yawa ba ta yin gargaɗi kafin ta yanke.

Lugude a turmi ɗaya

Aikinta shi ne haɗa ƙasan inji da samansa. A ƙasa akwai bilbirkan, babban ƙarfen da pisto ke juyawa. A sama, cikin kilas, akwai arbarakam, sanda mai ƙusumbi wadda ke danna supap su buɗe, ta sake su su rufe. Kowane pisto yana tafiya huɗu kafin ya sake farawa: ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Cikin wannan tafiya huɗu bilbirkan ya yi zagaye biyu, arbarakam kuma ya yi ɗaya tak. Shi ya sa pulin sama ya ninka na ƙasa yawan haƙora.

Duk wanda ya taɓa kallon mata suna lugude ya riga ya fahimci sauran. Turmi ɗaya ne, taɓarya biyu ko uku, kowace tana shiga ne a daidai lokacin da ƴar uwarta ta fita. A cikin injuna da yawa haka pisto da supap suke raba wuri ɗaya: supap ya leƙo ƙasa lokacin da pisto ya sauka, ya koma kafin pisto ya iso. Kurwa ce ke riƙe da wannan kiɗa. Motar da ke gudu bisa hanyar Tasawa, injinta na zagaye 3000 a minti, bilbirkan ɗinta yana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kowane supap kuma yana buɗewa ya rufe sau 25. Babu wurin kuskure a cikin irin wannan sauri.

Lissafin haƙori ɗaya ba shi da wuya. A ɗauka pulin sama yana da haƙora 40, na ƙasa 20. Idan kurwa ta zauna gaba ko baya da haƙori ɗaya a pulin sama, arbarakam ya goce da digiri 9, wato digiri 18 a lissafin bilbirkan. Da wannan motar esansi za ta iya tashi, amma za ta yi wuyar tashi da safe, ta rasa ƙarfi a hawa, ta ƙara shan mai, wani lokaci ta riƙa zafi. A motocin da ke da kwamfuta fitilar inji kan kama, na'urar bincike ta nuna lamba irin P0016, mai nufin sama da ƙasa ba su jitu ba. Haƙori biyu ko uku kuwa, a injin da pisto da supap ke raba wuri, taɓarya ce ta haɗu da taɓarya: supap su lanƙwashe, wani sa'in pisto ya fashe ko kilas ta tsage. Aikin rabin yini ya koma na mako guda, kuɗin kuma ya ninka sau da yawa.

Ba kowace mota wannan ya shafa ba. Tsofaffin makanikai da suka taso kan Peugeot 504 ta esansi da Mercedes 190 sarƙa suka sani, ba roba ba, duk da cewa kurwar roba ta daɗe: kamfanin Glas na Jamus ya sa ta a motarsa tun 1962, Fiat ya bi baya a 1966. Corolla masu injin 1ZZ da yawancin Hilux da suka fito daga 2015 su ma sarƙa gare su. Amma Starlet, tsofaffin Corolla masu injin 4A, Camry mai 5S, Golf 3 mai silinda huɗu, tsofaffin Opel Astra, Peugeot 206 da 406, Hiace mai 3L ko 5L, Hilux mai 2KD da Land Cruiser mai 1HZ, duk kurwa ce, kuma su ne suka cika tashoshin jahar nan. Daga cikinsu akwai masu haƙuri, irin 4A-FE da 5S-FE na Toyota, waɗanda ko kurwa ta tsinke pisto ba ya kai wa ga supap, sai dai motar ta mutu a tsaya. Wannan haƙurin ne ya ɓata wasu yaran garaji, suka ɗauka kowane inji haka yake. Injunan Peugeot ba sa yafewa, na gazuwal kuwa duk cikinsu babu mai yafewa, domin matsin da suke buƙata bai bar wani sarari tsakanin pisto da kilas ba.

Kowane kamfani da inda ya ɓoye alamarsa

Abin da makanikai ke kira kalaj shi ne a tsayar da inji a wani matsayi guda da kamfani ya zaɓa, galibi lokacin da pisto na farko ya kai ƙololuwa bayan matsa, a tabbatar sama da ƙasa suna inda ya kamata, sannan a ɗaura kurwa. Masu gyaran babur sun san wannan da harafin T da ke jikin bolan. A mota ma haka ne, sai dai kowane kamfani da salonsa.

A Corolla mai 4A-FE akwai ƴar tsaga a pulin ƙasa da ake daidaitawa da sifilin da ke jikin murfi, a pulin sama kuma akwai ƙaramin rami wanda ta cikinsa ake hango alamar da ke bayansa. A Golf, ana leƙa bolan ta wani rami da ke saman gidan ambiriyaj, a sama kuma a nemi haruffan OT. Peugeot bai dogara da ido ba: a ƙananan injunansa irin na 206, ana cusa sandar ƙarfe mai kaurin milimita 6 ta jikin inji ta shige ramin bolan, a sa wata mai milimita 10 a pulin sama. Idan duka biyun sun shige ba tare da dole ba, saiti ya yi. Idan ɗaya ta ƙi, bai yi ba, kuma babu gardama. Wasu injunan Renault masu supap 16, irin K4M da ake samu a Mégane da Duster, sun fi kowa tarko, domin pulinsu ba shi da kilabet ɗin da ke riƙe shi wuri ɗaya. Da zarar an kwance babban noti, puli ya saki, duk wani fenti da aka shafa ya zama banza. Irin wannan inji ba a taɓa shi sai da ƙarafan kullewa da aka yi dominsa, kuma bakaniken da ba shi da su, mutuncinsa ne ya ce a kai wani wuri.

A Hiace mai 3L ko 5L da Peugeot na gazuwal, alama uku ce ba biyu ba, sabili da famfon gazuwal shi ma kurwar ce ke juya shi. Ana iya daidaita sama da ƙasa daidai, a bar famfo ya goce da haƙori ɗaya. Motar za ta yi ta farin hayaƙi tana wuyar tashi, ko ta riƙa ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙarfe, mai ita kuma ya tafi yana zargin mai sayar da gazuwal.

Zagaye biyu da hannu

Tsarin aikin a wurin ƙwararre sananne ne. Ya cire kan batir, ya fidda buji domin inji ya yi sauƙin juyawa, ya sa sufana a notin pulin ƙasa ya juya ta inda injin ke juyawa da kansa. Yawanci ta hannun agogo ne, amma tsofaffin Honda irin Civic da Accord akasin haka suke. Yana daidaita alamomi tun tsohuwar kurwa na jiki, ba bayan ya cire ta ba. Idan alamar ƙasa ta zo daidai amma ta sama tana can ɗaya gefen, ba matsala ba ce, zagaye ɗaya ya rage. Mai hankali kan ɗauki hoto da salula a nan, ya ɗiga fenti a tsohuwar kurwa da pulin, sannan ya ƙirga haƙoran sabuwa ya gwada da na tsohuwa.

Da kurwa ta fita, sama da ƙasa sun rabu, kuma a nan ne ake yawan ɓarna. Arbarakam kan zame da kansa sabili da ƙarfin sifirin na supap. Yaro ya sa sufana ya mayar da shi da ƙarfi alhali pisto na ƙololuwa, supap ya daki pisto tun ba a tada mota ba. Idan dole sai an juya sama, ana fara janye bilbirkan kamar rubu'in zagaye domin pisto duka su sauka tsakiya.

Wajen ɗaura sabuwa, ana farawa daga pulin ƙasa, a bi gefen da babu tander a miƙe shi tsaf, a bar duk sakin ya taru a gefen tander. Wanda ya bar saki a gefen da bai dace ba zai ga alamomi daidai, amma da zarar an ɗaure tander sai pulin sama ya ja baya da haƙori ɗaya. Mafi yawan motocin da ke fita garaji da saiti a goce, ta nan abin ya faru.

Maganinsa bai wuce minti goma ba. Bayan an ɗaure tander, a zare sandunan kullewa, a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a hankali, a dawo kan alama. Biyu, domin sai da biyu ne pulin sama ke kammala nasa ɗaya, kowane supap ya buɗe ya rufe, kurwa kuma ta zauna cikin haƙoranta. Idan a tsakiyar juyi sufana ta cije kamar ta daki dutse, a tsaya nan take. Hannu yana jin wannan karo ya dakata, amma demarer ba ya ji. Idan an kammala, sai a sake duba kowace alama, a sake gwada sandunan, a sake duba ɗaurin tander. In an wuce alama kaɗan, kada a koma da baya don a gyara, domin komawa baya na kai saki gefen da ba nasa ba, alamar ta yi ƙarya. A ci gaba, a sake wani zagaye biyu.

Akwai abin da ke ruɗa sababbin hannu a wannan mataki. Wasu kurwoyi suna zuwa da layuka a bayansu don taimaka wa ɗauri. Bayan zagaye biyu waɗannan layuka ba za su dawo kan alamominsu ba, sai bayan zagaye masu yawa, kuma wannan ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne alamar puli da ta jikin inji.

Dalilin tsallake wannan mataki kowa ya san shi. Gobe Litinin ko Juma'a, ranar babbar kasuwa, direba na tsaye a kan bakanike tun la'asar, ga lodin zogale da tumatir na jiransa a Jiratawa, ga fasinjan Tibiri, magariba ta kawo kai, ana aiki da fitilar salula. Sai maigida ya ce wa yaro ya tada a ji. To amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma zagaye biyun nan yana cikin abin da aka biya. Direban da ke matsa wa a yi sauri shi ma da nasa alhakin.

Lokacin da alamar kanta ke ƙarya

Motocin da ke iso wa Maraɗi, ko ta Kwatano a da, ko ta Lome tun bayan rufe iyakar Benin a 2023, ko ta Najeriya, yawancinsu sun riga sun sha hannu. Pulin ƙasa a injuna da yawa ƙarfe biyu ne da roba a tsakani. Idan robar ta tsufa da zafi, zoben waje mai ɗauke da tsagar yakan zame, alamar ta nuna sifili alhali pisto bai iso ba. Ana gane wannan ta hanyar zura doguwar sanda mai tsabta a ramin buji na farko, a juya a hankali a ga inda ta daina hawa. Haka kuma kilabet kan cinye idan an taɓa barin babban noti sako-sako, puli ya riƙa wasa a kan bilbirkan.

Sai kilas da aka kai aka goge bayan inji ya yi zafi, abin da ba baƙo ba ne a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Gugar tana rage tazarar da ke tsakanin pulin sama da na ƙasa, alamar ta kauce kaɗan, ƙasa da rabin haƙori, ko da an yi komai daidai. Bakaniken da bai san an taɓa goge kilas ba zai iya tsallaka haƙori guda yana neman gyara, ya ɓata abin da ke daidai. Don haka mai mota ya faɗi tarihin injinsa tun farko. Akwai kuma ɗigon fentin da makanikan baya suka bari, fari da ja da rawaya, wani kan wani, babu wanda ya san wanne ne na gaskiya. Abin dogaro shi ne tsaga ko ramin da kamfani ya sassaƙa a ƙarfe, bayan an goge shi da tsumma. Kuma a kalle shi kai tsaye, ko da madubi, domin kallon gefe yana iya cin rabin haƙori.

Dabara mafi muni ita ce ta murɗa delko. A tsofaffin motocin esansi, idan saiti ya goce inji na rawa, wasu sukan sassauta delko su juya shi har rawar ta lafa. Wutar buji ce aka matsar, supap na nan inda suka goce. Motar za ta yi shiru a garaji, ta kasa hawa da lodi a hanyar Madarunfa. Idan bayan canjin kurwa aka ga delko ya kai ƙarshen ramin notinsa, akwai dalilin a sake buɗe murfi.

Mai mota ba sai ya iya riƙe sufana ba. Ya isa ya kasance a wurin lokacin da aka gama ɗauri, kafin a mayar da murfi, ya ce: «Maigida, don Allah a juya mini ita da hannu in ga alamar.» Ƙwararre ba ya jin haushin wannan, domin da ma zai yi. Ya nemi a nuna masa tsofaffin kayan da aka cire, har da tander da ƙaramin pulin da kurwa ke bi, domin sabuwar kurwa a kan tsohon tander rabin aiki ne. A injunan Peugeot da Renault da dama kurwar ce ke juya famfon ruwa, kuma idan ya cije zai tafi da ita, shi ya sa ake canza su tare. Idan akwai yoyon baƙin mai a bayan puli, a toshe shi a ranar, sabili da mai yana cin roba.

Wajen saye, sunayen Gates, Dayco, Continental da Mitsuboshi sanannu ne, kuma saboda sanannu ne ake buga su a kwalin jabu. A duba lambar da ke bayan kurwar, a ƙirga haƙora, a kuma dubi siffarsu, domin akwai masu zagayayyen baki akwai masu kusurwa, kuma ba sa shiga pulin juna ko da tsawo ya zo ɗaya. Kurwar da aka naɗe ta lanƙwashe sosai a shago, zaren cikinta ya riga ya karye ko da bayanta na sheƙi.

Game da lokacin canji, kamfanoni suna ba da tazara daga wajen kilomita 60.000 zuwa 150.000 gwargwadon inji, tare da adadin shekaru, duk wanda ya riga zuwa. Tsofaffin Hiace da Hilux suna da fitilar T-BELT da ke kamawa a kilomita 100.000, masu injin 2KD kuma a 150.000. Sai dai fitilar nan kilomita kawai take ƙirgawa, ba ta ganin kurwa, kuma ana iya kashe ta ba tare da an canza komai ba. Lambar da ke kan allon motar da aka sayo ta hannu ma ba abin rantsuwa ba ce. Tsakanin Maraɗi da Yamai ya haura kilomita 650, ke nan motar haya mai zuwa da dawowa sau biyu a mako tana cin kilomita 100.000 cikin ƙasa da shekara. Wadda ke ajiye a gida kuwa shekaru da zafi ne ke busar da robarta. Wanda ya sayi mota bai san ranar da aka canza mata kurwa ba, ya ɗauka ba a canza ba.

Motoci da yawa a garin nan suna yawo babu murfin kurwa, an cire an jefar don a samu sauƙin aiki na gaba. Da ƙurar hunturu da yashin unguwannin da kwalta ba ta kai ba, tsakuwa ɗaya ta isa ta shiga tsakanin puli da haƙora ta tsallakar da saitin da aka sha wuya a kai. A mayar da murfin da notinsa duka, sannan a rubuta kwanan wata da kilomita a jikinsa da fenti, inda bakanike na gaba zai gani da ya ɗaga kapo.